Nawa canjin boljoyin zai ci a Honda Accord EOD, kuma me ya wajaba a canza tare da shi?

Abban Ikram

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan ƙafar mota. Honda Accord ce ta 2005, wadda ake yi wa laƙabi da EOD, mai silinda huɗu. Ƙafar gaba ta ɓangaren direba tana ƙara ƙwas-ƙwas idan aka shiga gargada ko aka hau tudun rage gudu. Da safe kuma idan aka murza sitiyari motar na tsaye, sai a ji ƙafar tana kuka. Bakanike ya duba ya ce boljoyin ɗin ƙasa ya tafi, ya rubuto kaya kamar haka: boljoyin na ƙasa 2, ofa am 2, kan tayarod 2, linkej 2, sai alaimen, wato saitin tayoyi, da kuɗin aiki.

Abin da nake son sani, duk waɗannan sun zama dole ne, ko akwai wanda zai iya jira? Tunda ɓangare ɗaya ne ke ƙara, zan iya canza guda ɗaya kawai? Sabo ya fi ko ɗan Beljiyam? Kuma ta yaya zan lissafa kuɗin kafin in shiga kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano, don kada in sayi abin da ba na buƙata ko in sayo jabu? Na gode.

Oga Mai Gareji

Wa'alaikumus salam Abban Ikram. Kafin mu zo maganar kuɗi, ka rage hawa motar nan har sai an gyara ta, kuma kada ka ɗauki hanyar Zariya ko ta Katsina da ita. Wannan kukan da kake ji idan an murza sitiyari a tsaye, giris ne ya ƙare a cikin boljoyin, ya bushe yana cin kansa. A Accord ba a yi wa wannan alama jinkiri.

Ga dalili. Boljoyin dunƙulen ƙarfe ne mai wutsiya, yana zaune a cikin kwanonsa kamar yadda kan ƙashin cinya yake zaune a kwankwaso, an cika shi da giris an rufe da roba. A Corolla da Camry da Golf, nauyin mota yana bi ta shokazoba ya sauka kai tsaye kan nokul, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa, don haka aikin boljoyin ɗin ƙasa shi ne kawai ya riƙe taya kada ta kauce. Ƙirar EOD daban take. Am biyu ne, wato hannuwan ƙarfe masu riƙe nokul, a kowace ƙafa, na sama (ofa am) da na ƙasa (lowa am), kuma shokazoba da sifirin a kan lowa am suke zaune. Nauyin mota yana danna lowa am ƙasa, titi yana tura taya sama, shi kuwa boljoyin yana tsakiya kullum ana jan sa. Ranar da bakin kwanon ya gama cinyewa, dunƙulen zarewa yake yi gaba ɗaya, taya ta kwanta, gaban mota ya zauna a kwalta. Shi ne abin da ake yawan gani a Honda a bakin shataletale ko wajen shan kwana, kuma sau da yawa ba a cikin gudu yake faruwa ba, a lokacin da aka karya sitiyari sosai ne. Sai daga ƙirar 2013 Honda ta sauya wa Accord tsarin ƙafar gaba.

Idan ya zare, lissafin ya tashi daga na boljoyin. Shaf, sandar da ke juya taya, yana fizgowa daga giyabos, man giya ya zube, fenda ta lanƙwashe, wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ta tsinke, wani lokaci har tiyon birki da rim. Ga kuɗin janwe. Wannan kuwa idan Allah ya tsare rai kenan.

Yanzu jerin da aka rubuto maka. Boljoyin na ƙasa, canza biyun. Shekarunsu ɗaya, ramukan da suka shiga ɗaya, kuma alaimen sau ɗaya za ka biya idan an yi su tare. Wanda bai fara ƙara ba ba lafiya ce da shi ba, bai kai ga faɗa ba ne kawai. Sauran kayan kuwa sai an gwada an nuna maka da idonka, kada a canza su don kawai an riga an kwance ƙafar.

Yadda ake gwajin yana da muhimmanci, domin a nan ake yawan kuskure. Idan aka ɗaga EOD ta jikin bodi aka bar taya na reto, sifirin yana ci gaba da jan boljoyin ɗin ƙasa, sai a girgiza taya a ji ta ƙam, a ce lafiya lau. Daidai shi ne a sa jak a ƙarƙashin lowa am, kusa da taya, a ɗaga har taya ta bar ƙasa kaɗan. Sannan a zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin tayar a riƙa ɗagawa ana saki, wani ya durƙusa da fitila yana kallon tsakanin nokul da lowa am. Duk motsin da ido ya gani a wurin, ko yaya yake, boljoyin ya gama aiki. Bayan haka a kama taya ta sama da ta ƙasa a girgiza, a nan ne na sama yake nuna kansa. Idan akwai motsi, a sa yaro ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ne, in yana nan boljoyin ne. A kama ta hagu da dama kuma a girgiza, wannan na tayarod ne, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. Linkej kuwa, ɗan sandan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke rage wa mota tangaɗi, da hannu ake kama shi a jijjiga, kuma shi ne ya fi kowa yawan ƙwas-ƙwas a gargada alhali shi ya fi araha. Sai a duba robar kowanne. Robar da ta yage ko ta tsattsage, ko da babu motsi a yau, ƙura da ruwa sun riga sun shiga.

Ofa am ɗin da ya rubuta ba son kuɗi ba ne in har na saman ya lalace. Boljoyin ɗin sama a jikin am ɗin yake, kuma am ɗin sukutum ake canzawa, da bushin ɗinsa biyu, wato robobin da ke mahaɗarsa da jikin mota. Akwai masu sayar da na saman shi kaɗai a matsa shi a tsohon am, amma ƙarfen am ɗin ba shi da kauri, yana buɗewa, ban ba ka shawarar haka ba. Sai dai na sama ba ya ɗaukar nauyi irin na ƙasa. Idan babu motsi kuma robarsa lafiya, zai iya jira.

Kuɗin aiki a EOD ya fi na Corolla, kuma da hujja. Boljoyin ɗin ƙasa matse shi aka yi a cikin nokul, ba noti ke riƙe da shi ba. Sai an kwance taya, an kwance babban notin shaf mai lamba 36, an cire kalifar birki an rataye ta da waya, an zare wayar ABS, an raba tayarod da ofa am da lowa am, sannan nokul ya fito a kai shi injin matsi. Ƙafa biyu, in hannu ya saba kuma babu notin da ya ƙi, aikin awa biyu zuwa uku ne. Ka tambayi bakanikenka tun farko ko kuɗin matsi yana cikin kuɗin aikinsa, domin gareji da yawa ba su da injin, waje suke kaiwa, a zo a ce maka ka ƙara.

Ɗan Kofar Ruwa

Oga ya gama magana a kan aiki, bari in ɗora a kan kaya. Abban Ikram, farashin kayan ƙafa dala yake bi, wanda aka faɗa maka a makon nan ba lallai ka same shi haka a mako mai zuwa ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne matakan kayan, kuma da su za ka yi lissafi.

Mataki na sama shi ne na kamfanin Honda kansa. Lambar boljoyin ɗin ƙasa da 51220 take farawa, sauran haruffan su ke nuna ƙirar motar. Ya fi kowanne tsada kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Na biye da shi su ne na kamfanonin da aka sani da ƙera kayan ƙafa, irin 555 na Japan da CTR na Koriya. A motocin Turai kamar Golf da Passat ana neman Lemförder ko TRW. Waɗannan su ne daidai aljihun yawancin mutane, in dai na gaskiya ne. Na ƙarshe su ne marasa suna, da kuma jabun da aka zuba a kwalin masu suna. Tsakanin jabu da na gaske kuɗin yakan ninka sau biyu ko uku. Saboda haka idan shago uku sun faɗa maka farashi kusa da juna, na huɗu ya ce zai ba ka 555 a rabin wannan, kwalin kawai zai sayar maka.

Ga yadda ake gane kaya a hannu. Kama wutsiyar ka gwada juya ta. Sabon boljoyin mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi zai motsa, kuma motsinsa sumul yake ba tsalle. Wanda yatsa biyu ke kaɗa shi tun yana sabo, ajiye shi. Matsa robar da farce ka ja ta kaɗan: ta ƙwarai tana da kauri da laushi tana komawa yadda take, ta jabu sirirya ce mai sheƙi, zafin Kano na wata uku ya ishe ta tsagewa. Duba zaren noti ko ya fita tsaf, ka ɗaura notin da hannu ka ji ko yana tafiya ba cijewa. Duba ko an buga tambarin kamfani a jikin ƙarfen, ba a kwali kaɗai ba. Ɗauki biyu daga shago daban-daban ka auna nauyinsu a tafin hannu, sau da yawa jabu ya fi sauƙi. Ya kamata kuma ya zo da sabon noti mai tsaga-tsaga a ka da ɗan fin ɗin da ake sokawa.

Maganar Beljiyam, a nan zan bambanta. Injin ko giyabos ko ƙofa, Beljiyam ba laifi. Amma boljoyin kaya ne mai cinyewa, kuma ba wanda ya san kilomita nawa ya yi kafin a sare motar. Wanda aka riga aka buge daga nokul ɗinsa ma kada ka kalle shi, fitar da shi kaɗai tana raunata shi. Inda Beljiyam ke da amfani shi ne nokul sukutum da boljoyin ɗinsa da boris a jiki, musamman idan ramin naka nokul ɗin ya buɗe. Shi ma ka duba robar da kyau, ka juya boris ka saurara, ka tabbata na ɓangaren da kake nema ne kuma ƙirarsa ɗaya da ta motarka. Ofa am na Beljiyam mai tsabta yakan fi sabo marar suna ƙarko, wannan gaskiya ne. Sai dai a kula da wanda aka wanke da fetur, aka ɗura masa giris da sirinji, aka matse bakin kwanon don ya yi tauri, aka fesa baƙin fenti. Alamarsa sabon fenti a kan tsatsa, da tabon guduma ko na matsi a gindin kwanon.

Ga lissafi a misalce, ba farashin kasuwa ba. Mu ƙaddara jabu naira 10 ne, na ƙwarai naira 25, kuɗin aiki da matsi naira 15, alaimen naira 5. Biyu na jabu da aiki sun kama 40, biyu na ƙwarai sun kama 70. To idan jabun ya mutu kafin shekara, za ka sake biyan aiki da alaimen, 20 kenan, ka kuma sayi na ƙwaran da ka guje wa, 50. Jimla 110. Ba a ma sa tayar da ta cinye gefe ba, wadda ita kaɗai ta fi boljoyin biyu kuɗi.

Ka je da tsohon ko da lambar shasi, ka sa a rubuta maka rasit da sunan kayan da sharaɗin canji idan bai shiga ba. In da hali ka je tare da bakaniken, amma kai ka biya da hannunka. A Sabon Gari ma akwai masu sababbin kaya, ba laifi ka ji farashin can ka gwama.

Abban Ikram

Allah ya saka da alheri Oga, da kai Ɗan Kofar Ruwa. An sake gwadawa yadda Oga ya ce, jak a ƙarƙashin lowa am. Na ƙasa na hagu yana motsi sosai, na dama robarsa ta yage. Ofa am na dama yana da ɗan motsi, na hagu ƙalau. Tayarod babu komai. Sai dai bakaniken ya ce ba sai an kai injin matsi ba, da guduma zai fitar ya mayar, in ya ga ya yi sako-sako kuma zai ɗiga masa walda. Wannan ya halatta? Alaimen ɗin kuma dole ne tunda ba za a taɓa tayarod ba?

Oga Mai Gareji

Abban Ikram, walda kam a'a, kada ka yarda. A cikin kwanon boljoyin akwai wani mazaunin roba mai tauri da dunƙulen yake juyawa a kai. Zafin walda yana narkar da shi, ya ƙona giris, sabon kaya ya zama tsoho tun mota ba ta sauka daga jak ba. Ƙarfen nokul ma ba irin wanda ake wa walda sakaka ba ne, yana iya tsagewa a wurin ɗigon. Idan sabon boljoyin ya shiga raminsa da turin hannu, ramin ne ya buɗe, yawanci saboda an sha bugun sa a baya. Maganinsa wani nokul ɗin.

Fitar da tsoho da guduma, in an dafa nokul a kan abu mai ƙarfi an cire shi daga mota, ana yi kuma ba ya kashe komai, tunda tsohon zubarwa za a yi. Mayar da sabo ne matsalar. Bugu ɗaya a gindin kwanon ya isa ya lotsa shi, kuma guduma ba ta shigar da shi a miƙe, sai ya karkace ya ci gefen ramin. Ko injin matsi, ko abin matsi na hannu mai dogon zare, a dafa shi da bututun da ya zauna a kan kafaɗar kwanon kawai, ba a kan robar ko wutsiyar ba. A wanke ramin da burushin ƙarfe tukuna. In ya zo da zoben ƙarfe mai riƙewa, a tabbata ya faɗa gurbinsa ta ko'ina.

Ka tsaya a wurin lokacin haɗawa ka lura da waɗannan. Wutsiyar boljoyin tsukakkiya ce, ramin lowa am ma haka, kamun da suke yi wa juna shi ke riƙe ƙafar. A goge su su bushe, kada a shafa giris. Idan wutsiyar tana rawa a ramin, ko notin ya ƙure zare bai kama ba, ramin am ɗin ya cinye, ba a cike shi da wasa, am ake canzawa. Idan an ɗaure notin tsagarsa ba ta zo daidai da hudar fin ba, gaba ake ƙara ɗaurewa kaɗan, ba a sassautowa baya. Sabon fin za a sa a lanƙwasa ƙafafunsa, ba ƙusa ba, ba guntuwar waya ba. Wajen raba kan tayarod, tunda lafiyarsa lau kuma za a mayar da shi, a yi amfani da fula, wato abin zarewa mai matsi, kada a soka ƙarfe mai baki biyu ya yaga robar, in ba haka ba ka sayi tayarod ɗin da ba ka yi niyya ba. Kada a bugi kan shaf da guduma kai tsaye, zaren yana mutuwa, boris ma yana jin bugun. Babban notin shaf ana ɗaure shi 245 Nm a awon ƙarfin ɗauri, a lotsa bakinsa cikin tsagar shaf don kada ya warware. Notin taya 108 Nm. Wanda ba shi da sufana mai awo ya aro, domin notin shaf da bai ɗauru ba shi ke kashe boris bayan 'yan makonni a ce wani sabon ciwo ne.

Ofa am na dama tunda yana motsi, canza shi yanzu da ƙafar ke kwance, ƙarin aikin kaɗan ne. Na hagu ka bar shi. Notin bushin ɗin sabon am ɗin kuma ba a ƙarasa ɗaure su ƙafa na reto, sai an ɗora nauyin mota a kan ƙafar. In aka ɗaure a sama, da an sauke mota robar bushin ta murɗe, ba za ta daɗe ba.

Saboda haka jerinka ya koma boljoyin na ƙasa 2, ofa am 1, kuɗin aiki da matsi, alaimen. Linkej a jijjiga shi, in yana ƙara a haɗa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Baban Sadik Alaimen

Malam Abban Ikram, alaimen dole ne. Ba taɓa tayarod kaɗai ke ɓata saiti ba. Wataƙila an yi wa motar alaimen a baya lokacin da boljoyin ya riga ya fara sakewa, wato an saita ta a kan lalataccen kaya. Yanzu da sabo ya shiga taya ta koma mazauninta na asali, wancan saitin ya tashi aiki. A gaban EOD abin da ake iya gyarawa shi ne buɗewa ko tsukewar tayoyin ta gaba, ta wajen tayarod, kuma awonsa sifili ne da rangwamen milimita 2. Karkatar taya ciki ko waje ba ta da wurin saiti daga kamfani. Idan na'ura ta nuna taya ɗaya ta kwanta fiye da 'yar uwarta bayan an sa sababbin kaya, to akwai abin da ya lanƙwashe, ko am ko nokul, ko kuma ofa am ɗin da aka sayo tsawonsa bai yi daidai ba. Wannan na ƙarshen yana faruwa da marasa suna. A ɗora sabon a kan tsohon a gwada tun kafin a ɗaura.

Kafin ka hau na'ura ka sa mai faci ya daidaita iskar tayoyi huɗun da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka sauke kaya masu nauyi daga but. Ka shafa tafin hannu a kan tayoyin gaba. In gefen ciki ya cinye har ya yi santsi ko waya ta fara leƙowa, alaimen ba zai dawo da ita ba, sai ka sa kuɗin taya a lissafi.

Ga masu wasu motocin da ke bin wannan zance, kada ku ɗauki kuɗin aikin EOD ku auna naku da shi. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, boljoyin da ƙusa mai zare ɗaya da noti biyu aka ɗaure shi a lowa am, ba a buƙatar injin matsi. Wahalarsa ɗaya ce, notin saman yana ƙarƙashin shaf, sau da yawa sai an kwance notin shaf mai lamba 30 an ture shi gefe. Camry ma kusan haka take. Golf 3 ƙusoshi masu zare uku ne, kuma a yi wa mazaunin tsohon alama kafin a kwance don sabon ya zauna a wuri ɗaya. Peugeot 406 nata ɗaure shi ake yi da zare a cikin nokul, yana da soket ɗinsa na musamman, masu sa kurfi da guduma suna kashe zaren su jawo sayen nokul. Hilux na da na sama da na ƙasa a kowace ƙafa, kuma mai ɗaukar kaya zuwa ƙauye ya fi kowa cin su. Akwai kuma motocin da boljoyin ɗinsu ba ya rabuwa da am, dole sai am ɗin gaba ɗaya, a nan kuɗin kaya ne ke da yawa, na aiki kaɗan.

Ɗan Kofar Ruwa

Ƙari kaɗan a kan abin da zai sa kuɗin nan ya daɗe bai dawo ba. Abin da ke kashe boljoyin a garin nan roba ce ke fara mutuwa. Zafin bazara yana busar da ita, ƙurar hunturu ta shiga ta tsagar ta haɗu da giris ta zama abin gurza, damina ta zo a kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi ya wanke sauran. Duk lokacin da aka je juyen baƙin mai, a sa yaro ya karya sitiyari ya haska robobin nan. A wajen wankin mota kada a kafa bakin injin feshi a kansu. Robar da aka kama ta tsage da wuri, kafin ƙasa ta shiga, ana iya canza ta ita kaɗai a sabunta giris, kuɗinta ƙalilan ne. Wadda ta kwana biyu a yage kuwa canza robar ɓata kuɗi ne.

Wasu na kasuwa suna zuwa da kan ɗura giris a gindi. In irinsu ka samu, a riƙa ba su matsa biyu ko uku a duk juyen mai, a tsaya da zarar roba ta fara kumbura, in aka cika ta fashewa take. Manyan rim masu siririyar taya ma suna ƙara wa ƙafa duka, EOD ta fi zaman lafiya da girman da ta zo da shi.

Oga Mai Gareji

Haka ne. Abban Ikram, idan an gama ka karɓi tsofaffin kayan ka gani, ka leƙa ka tabbata fin yana jikin kowane noti. Ka zaga da ita a hankali cikin unguwa tukuna, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka taka birki ka ji ya kama kafin ka hau babban titi, ka duba ko fitilar ABS ta mutu. Daga gareji ka wuce wajen alaimen a ranar, kada ka bari sai an kwana biyu. Bayan mako ɗaya ka dawo a sake bin notin taya da na ofa am, a haska robobin a ga ko akwai wadda ta murɗe ko take fitar da giris.